Kwanon da na rufe wa Ammi sama da shi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk gidanmu ba wayayye kamata, aka fara gina wani dogon bene a jikin katangarmu ta gabas, a Limanti. Ni har murna nake yi, wai unguwarmu ta ci gaba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Ammi, a ruga ta tashi, cikin shanu. Aure ne ya kawo ta Maiduguri, kuma ba abin da ya sa ta iya zaman birni sai tsakar gida. Nan take tsefe kai, nan take shanya kuɓewa, nan take shimfiɗa tabarma ta dubi gabas ta ce, "Ku kwashe shanya, ruwa na tafe." Da wuya ta faɗa bai zo ba.

Da farko maginan suna bin al'ada. Kafin su hau sai ɗayansu ya ɗaga murya, "Mata a kimtsa, za a hau sama!" Ammi ta ja mayafi ta shige ɗaki har su sauko. To amma da gini ya wuce hawa uku, wa ya ƙara tunawa da mu? Aka gama, aka zuba 'yan haya, tagogi rututu suna leƙen har abin da ke cikin tukunyarmu. Matar da ba ta iya zaman ɗaki ta koma ɗaki. Ko alwala za ta yi sai ta zura hijabi.

Abin ya dame ni, wallahi. Da ta tafi Ajilari zaman jegon ƙanwata, sai ni uban 'yan dabara na kira mai walda. Muka sare rassan darbejiyar gidanmu, muka kafa ƙarafa, muka rufe tsakar gidan ruf da kwano. Ban gaya wa kowa ba, wai so nake ta dawo ta gani ta yi mamaki.

Ta dawo, ta tsaya da jakarta a hannu, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Ammi, yanzu ba mai ganinki," na ce ina washe baki. "Ki sake abinki."

"Wushe da ƙoƙari," ta ce, wato sannu irin ta mutanen Borno. "Allah ya yi maka albarka."

Ni dolo na ɗauka na burge. Na fi wata biyar ina ba abokai labarin wannan basira tawa.

Ƙanwata ce ta tare ni a zaure wata rana, idonta jawur. "Yaya, kai ba ka lura Ammi ta daina magana ba? Ce min ta yi masu bene sun ɗauke mata rabin sama, ɗanta ya zo ya ɗauke sauran."

Na shiga na durƙusa gabanta na ce gobe-goben nan za a cire.

"Bar shi," ta ce. "In ka cire, idon mutane ne. Gara duhun nan, ai na ɗana ne."

Haka ta zauna ƙarƙashin kwanon nan, ga zafin bazara kamar tanda, ba ta taɓa ƙorafi ba. Sai da ciwo ya kwantar da ita ta roƙe ni abu ɗaya: in kai ta inda za ta ga hadari. Na ɗauke ta a mota muka fita can bayan Galtimari, inda gidaje suka ƙare. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta zame mayafinta, iska na kaɗa furfurarta, tana kallon gabas. Can ta ce, "Kafin la'asar zai sauko." Muna hanyar komawa ya tsuge, tana dariya, ni ina share hawaye a ɓoye.

Na yi mata alkawarin za mu riƙa zuwa duk Juma'a. Ba ta kai wata Juma'ar da ƙarfin fita ba, kuma daminar ba ta ƙare da ita ba. Allah ya jiƙanta.

Ban riƙe mai benen a zuciya ba, filinsa ne. Abin da ke ci na har yau nawa ne. Na auna tsakar gidan nan tsaf, na yi shawara da mai walda, na yi da mai kwano, amma matar da ke zaune a wurin shekara da shekaru ban taɓa zama na ce mata, "Ammi, me kike so?" ba.