Ciwon Sarakuna a Tashar Showak

Duk wanda ya taɓa sauka daga lori a tashar Showak ta ƙasar Sudan ya san Mijinyawa mai agashe, wato gasasshen nama mai yaji, ko da ta hanci ne. Ni Dije, taubashiyarsa, a gefensa nake sayar da shayi tun gemunsa yana baƙi, kuma ba a yi ranar da ban yi masa tsiya ba. Ba ya miƙa wa kowa nama sai ya ɗanɗana, wai amana ce. Amanar nan ce ta taru a babban yatsan ƙafarsa, ya kumbura ya yi ja.

Likita a Gadarif ya ce irin ciwon da Larabawa ke kira ciwon sarakuna ne, ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi. Ya dawo yana ɗingishi yana washe baki. "Dije, ashe jinin sarauta gare ni." Na ce ban taɓa ganin sarki mai ƙaurin hayaƙi ba.

Maganin ya yi masa aiki har kaka ta zo, lokacin da masu yankan riɗi ke kwararowa daga gonakin Simsim da yunwar nama. A nan yake samun abincin shekara, kuma agashe a tsaye ake gasa shi. Da yatsan ya motsa, sai ya ɗauki magani kamar yaji, ya ƙara. Cinyoyinsa suka fara ciwo, ya ce sarautar ce ta hau sama, ya sake ƙarawa. Ran nan da la'asar ya yi sujada ya kasa ɗagowa, sai da aka kama shi.

Akwai abin da kunya ta hana shi gaya wa 'ya'yansa. Amma tsakanin taubasai babu kunya. Ya nuna kofin da ke hannuna, baƙin shayi ba madara, ya ce a hankali, "'Yar kawu, fitsarina ya koma kamar wannan."

Tsoro ya kama ni. Na ce, "Halas, ya isa haka, rufe wutar nan." Na kira babban ɗansa Hamisu, muka sa shi a lori.

Likita ya ce maganin ne ke narkar da tsokar jikinsa, ita ce ke fita a fitsari, kuma da an ƙara jinkiri da ƙoda ta tafi. Ya ce ba kasafai ake ganin haka ba, amma wanda ya wuce ƙa'ida ya buɗe masa ƙofa. Aka tsayar da ƙwayar, aka yi ta ƙara masa ruwa. Mijinyawa dai tambayarsa ɗaya ce: zai sake tsayawa a bakin wuta?

Kakar ta wuce shi, Hamisu ya riƙe gashin. Ya dawo tasha a rame, yana zaune a tabarma yana ba da umarni, ni kuma aka naɗa ni mai ɗanɗano. Alhamdu lillahi, ban taɓa samun aiki mai daɗinsa ba.

Wata safiya Hamisu ya bar nama yana ƙonewa. Mijinyawa ya yi tsaki, ya dafa gwiwa, ya miƙe da kansa ya ƙwace tsinken. Sai da ya juya naman sannan ya lura a tsaye yake. Ya waiwayo yana jiran abin da zan ce. Daɗi ya cika ni, na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa, sai na zuba masa shayi da madara.