Aron Ido

A shekarar da fara ta sauka a gonakin Gure ta bar mana kara tsaye babu zangarniya, a shekarar na fara kwafar littattafai da hannuna. Maƙwabcinmu, wani dattijo Babarbare da muke kira Baba Goni, shi yake zama da ni mu yi muƙabala: ni in karanta abin da na rubuta, shi yana riƙe da asalin littafin yana bi. Yakan ce idon mai rubutu abin da ke zuciyarsa yake karantawa, shi ya sa dole ya ari na wani.

Ko ƙwayar dabino bai taɓa karɓa a hannuna ba. In na ce, "Baba, kawo naka ni ma in riƙe maka," sai ya yi dariya.

"Kai da jiya ka daina lasar tawada? Bari dai."

Bayan wasu shekaru ciwon yana ya fara rufe masa ido, mutane suka soma raɗa cewa rubutunsa ya lalace. Ana haka wani falke mai fataucin kanwa ya ba shi aikin kwafar wani littafin fiƙihu. In aka sami giɓi a ciki, babu mai sake kawo masa aiki, ga shi da alƙalamin yake ciyar da gidansa.

Wata rana da hantsi sai ga shi da gafaka a hammata.

"Malam ƙarami, akwai aiki a hannunka?"

"Ko akwai, na ajiye, Baba."

Na riƙe asali, shi yana karanta nasa, hancinsa kusan a kan takarda. A babin alwala saɗara biyu sun ƙare da kalma ɗaya, idonsa ya tsallake daga ta sama zuwa ta ƙasa. Na ce, "Baba, a koma baya kaɗan."

"Me na bari?"

"Wanke ƙafa."

"Subhanallahi! Da na tura bayin Allah salla da ƙura a ƙafa."

Ya rubuta a gefe. Haka muka yi ta zama kullum har muka kai ƙarshe. Falken ya kai littafin wurin malaman Damagaram, suka duba ba su sami abin gyara ba, har ya dawo wa Baba da wani aikin.

Ranar ya leƙo zaurena ya ce, "Shi ke nan, ba na bin ka komai. Amma kada ka ji daɗi, har yanzu hannuna ya fi naka kyau."

Na ce, "Na yarda, Baba. Alhamdu lillahi."