Ƙwaryar Awon da Na Rage wa Baki

Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A zamanin Turawa ni matar aure ce mai ƙarfi, mai baki, ko dogari bai isa ya daka mini tsawa ban rama ba. Muna zaune a wata 'yar unguwa tsakanin Kunci da Makoda, wadda wani malami ya kafa da gidaje kaɗan. Karatunsa kullum shi ne Allah bai halicci wani don ya ci wani yana kallo ba. Gonarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya. Wanda dagaci ya ƙwace wa gona, ko ya gudo daga aikin dole, a ba shi wurin kafa bukka. In yaran dagaci suka zo kama mutum, mu fito maza da mata mu tare hanya. Malam ya hana duka da zagi, amma zagin ni ban taɓa bari ba.

Akwai ƙwarya guda da ake auna wa kowane gida hatsi da ita kowace safiya. Da tsohuwar da ke riƙe da ita ta rasu, ban yi shakkar ni za a ba ba, tunda da kaina na ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar rumbun. Sai Malam ya miƙa wa wata baƙuwa, wadda mijinta ya mutu a aikin dole, ta zo mana da tabarma ɗaya damina biyu da suka wuce. Na same shi na tambaye shi ko ya manta wa ya riga wa zuwa. Ya yi dariya, ya kira ni sarkin yaƙi, ya ce bakina na tare hanya ne, ƙofar rumbu kuwa sai wadda ta san yunwa.

Wallahi na ƙi jinin baiwar Allahn nan. Mata suka sa mata suna uwar rumbu, ni kuwa in zo da kwanona in tsaya a layi. Abin da ya fi ƙona ni, har ƙasa take durƙusawa ta ce mini Yaya. Da ta yi mini girman kai da na samu abin kamawa.

Wata rana da bazara kowa ya tafi sharar gona, na ce kaina ke ciwo. Na ɗauko ƙwaryar, na kankare bakinta da wuƙa kamar faɗin yatsa, na goge da toka da man gyaɗa har ya koma kamar tsohon baki. Bayan mako biyu na ƙara. Tuwo ya fara kasawa a gidaje. Ni ce a bakin rijiya ina tambayar mata ko su ma tukunyarsu ta fara rama, ko tawa ce kaɗai ke azumi. Na ce ni dai na ga kumatun wata sun ciko. Ba a daɗe ba wata ta kira ta ɓarauniya a gaban kowa. Uwar rumbu ta kife ƙwaryar a ƙofar Malam, ta naɗe tabarmarta ta nufi wajen Shanono.

Aka ba ni ƙwaryar, na ci gaba da awo da ita a haka don kada asirina ya tonu. Da kaka aka zo share rumbu, sai ga dawa jibge a ƙasansa, duk abin da aka ce ta sata. Amma an makara, zargi ya riga ya shiga, kowane gida ya fara ɗora ɗan rumbunsa a bayan ɗaki. Da yaran dagaci suka dawo, mutum uku muka fito. Suka tafi da ƙanen mijina.

Bayan shekaru na ga uwar rumbun nan a kasuwar Makoda tana sayar da daddawa. Ta rungume ni tana Yaya, Yaya. Na tambaye ta me ya hana ta kare kanta. Ta ce ai tun ranar farko hannunta ya ji ƙwaryar ta ragu, sai ta ɗauka Malam ne ya rage a ɓoye don hatsin ya kai mu kaka, ta ga gara a zage ta da a zagi malaminmu. Ta ƙara mini gyara, ta ce in gaishe da yara. Na karɓa na tafi ban faɗa mata ba. Labarin rasuwarta ne ya zo mini daga baya.

Abin da na gane, zaman tarayya ba ya mutuwa a hannun azzalumin waje, mu mun sha korarsa. A hannun wadda take ganin ta fi kowa cancanta yake mutuwa. 'Yan'uwa masu haɗa kai don Allah, in aka ba wani abin da kuka sa wa rai, ku faɗi ciwonku a fili a yi muku dariya. In kuma kun riga kun cuci wani, ku je yau tun yana iya jin ku. Ni tawa yafiyar sai a gaban Allah.