Ɗigon da Ya Ware

Matar tana zaune a shagon mai gyaran kwamfuta, tabarau a goshi, mayafinta ya zame ba ta kula ba. Kwamfutarta na tashi, allon ya cika da ɗigo-ɗigo.

"Malama, waɗannan fa?" in ji mai gyara.

"Kowane ɗigo jariri ne da ya rasu. Nauyinsa, shekarun uwarsa, ruwan shansu, nisan asibiti, duk a haɗe nake auna su, in gano me ke kashe su."

Ɗaya ya ware can gefe. Ta ce shugabanta na so ta goge shi, wai yana ɓata lissafi. Yatsanta na kan maɓallin gogewa, ba ta danna ba. Mai gyara yana zaton ta taɓa riƙe wannan jaririn a hannunta. Sai ta rufe kwamfutar, ɗigon yana nan.