Mega Goma a Ofishin Manoma

Irmiya ya zo Haɗeja daga kudancin Kaduna yana saurayi, aka ɗauke shi buga tafireta a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa. Da aka daina yayin tafireta, shi aka miƙa wa kwamfuta. Da aka jawo intanet, shi ɗin dai aka nuna wa na'urar da ke raba shi, wadda ake kira rauta, aka ce ya ji da ita. Babu wanda ya koya masa, da kansa ya yi ta laluben ta har ya gane kanta. Yanzu furfura ta cika masa kai, kuma duk wanda wayarsa ta yi nauyi sunansa yake kira.

Mega goma ne ƙarfin layin gaba ɗaya, ma'aikata kuwa goma sha bakwai, wani ma wayarsa biyu.

A daminar da kogi ya yi ambaliya ya shanye gonaki, aka buɗe rajistar tallafin iri ta kwana biyar a intanet. Manoma suka cika harabar ofis. Barira, mai shigar da sunaye, sai ta yi minti goma tana jiran hoton mutum ɗaya ya tafi.

"Baba Irmiya, a haka ko rabi ba za mu yi ba," in ji ta.

Ya duba, ya ga bidiyo ne ke cinye layin. Sai ya ware wa kwamfutar Barira mega bakwai, ya bar wa sauran uku, ya yanka wa kowace waya iyaka, abin da ya haura rauta ta zubar. Ranar suka shigar da mutum ɗari biyu.

Washegari shugaban ƙungiya ya kira shi.

"Malam Irmiya, ina da taro ta bidiyo da mutanen Dutse. Ka cire ni daga wannan takunkumin."

"Ranka ya daɗe, idan an gama taron zan mayar."

"Ka bar shi a buɗe."

Ya buɗe. Sakatare ya ji labari, ya zo. Bayansa ma'aji. Kowa da hujjarsa, kowa kuma ya fi shi muƙami. Da uku suka kasa isar su, aka umarce shi ya gutsuro daga na Barira. A kwana na huɗu biyu kacal suka rage mata.

Ranar ƙarshe Irmiya ya iso da sassafe, ko karyawa bai yi ba. Ya cire wayoyin kowa daga layin, har da tasa, ya jawo kujera ya zauna kusa da na'urar. Aka yi ta faɗa a kansa, shugaba ya ce zai ba shi takardar tuhuma. Bai tashi daga kujerar ba.

Ƙarfe huɗu shafin rajistar ya rufe, saura mutum arba'in da ɗaya. Cikinsu akwai wani dattijo, Ari, wanda ya taho daga wajen Baturiya, rabin hanya a kwalekwale.

"Ɗana, gobe in dawo?" ya tambaya.

"Baba, an rufe," in ji Irmiya.

Dattijon ya daɗe yana kallon katin shaidarsa, sannan ya soke shi a aljihu. Irmiya ya tura babur ɗinsa waje, ya goya shi zuwa tasha.