Filtar da Aka Ɗaure da Sarƙa

Mai Sanƙo ake ce masa tun yana da sauran gashi, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Bakaniken tarakta ne. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan kasuwa, ƙasarta ta sha baƙin mai har ciyawa ta yi fushi da wurin. Akwai benci, akwai akwatin sifanu, akwai wata tsohuwar tayar baya da masu jira ke zama a kai suna ba shi shawarar da bai nema ba.

A rumfar nan ya shigo yana saurayi, a cikinta ya yi furfura. Ba shi da fara'a, ba shi da yawan magana, gaisuwa ma a taƙaice yake amsa ta. Amma in lokacin juyen mai ya yi, wurinsa ake layi, saboda yadda yake ɗaura filtar man injin.

Abin ba wani sirri ba ne, kowa na kallo yake yi. Zai goge mazaunin filtar da tsumma, ya duba ko robar tsohuwar ta liƙe a wurin. Ya tsoma yatsa a sabon mai, ya shafe robar da ke bakin sabuwar. Sai ya cusa hannu bayan ƙarfen da ya kare wurin, inda ido ba ya kaiwa, ya yi ta murzawa a hankali har ya ji robar ta taɓa jikin injin. Daga nan ya ƙara murɗa ta abin da bai cika zagaye ɗaya ba, ya zare hannu. Shi ke nan. Sarƙar filta kuwa, wadda ake naɗa mata a ja da ƙarfi, ta kwancewa ce kawai. Duk wanda ya ɗauke ta don ɗaurewa a gabansa, ranar zai san Mai Sanƙo yana da baki.

"Roba ce, ba wuyan ɓarawo ba," in ji shi. "Ka shaƙe ta, ta fashe maka a gona."

Ƙanensa, Auta, shi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Yanzu Auta magidanci ne mai 'ya'ya, yana tuƙa wata tsohuwar tarakta da suka saya tana gawa, Mai Sanƙo ya tashe ta ƙarfe bayan ƙarfe. Ita ke yi wa mutane huɗa da damina, ita ke ciyar da gidajen biyu. Auta mutum ne mai surutu da tsokana, kuma bai taɓa leƙa ƙarƙashin injin bayan sabis ba. In an ce ya duba, sai ya yi dariya ya ce hannun Yaya ne ya taɓa.

Ciwon suga ya shigo wa Mai Sanƙo ba sallama. Da farko tafin ƙafa ne, kamar yana taka auduga. Daga baya ya hau yatsun hannu. Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da ya ɗauki murfin tukunya daga kan wuta ya tsaya yana tambayarta inda zai ajiye.

"Maigida, saki mana!" ta ce.

Ya saki. Fatar yatsunsa ta yi fari, ta tashi. Ya tsaya yana kallonta kamar hannun wani ne.

Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce abin da ya tafi da wuya ya dawo. Matar ta ce ya gaya wa Auta. Ya ce to. Bai gaya masa ba. Ba kunya ce ta hana shi ba, ba kuma tsoro ba. Gaskiyar magana, tun daga ranar babu abin da yake ji sosai. Yana tashi, yana salla, yana buɗe akwatin sifanu, yana rufewa. Manyan ayyuka suna tafiya, don noti ido na ganinsa, sifana na riƙe shi. Juyen mai ne ya dinga kauce masa. Yau ya ce babu filta mai kyau a kasuwa, gobe ya ce bayansa ya riƙe. Mutane suka ce tsufa ya ƙara masa wulaƙanci, suka koma wasu garejin.

Auta ne ba a iya kora. Da ruwan farko ya sauka, sai ga shi da safe, da galan na mai da sabuwar filta a kwali.

"Yaya, a taimaka a yi wa amaryar wanka. Mutane sun hana ni shan ruwa, kowa gonarsa."

Ya ajiye kayan, ya tsallaka titi wurin mai shayi.

Mai Sanƙo ya zubar da tsohon mai, ya kwance tsohuwar filtar da sarƙa, ya goge wurin, ya shafe robar. Ya cusa hannu ya fara murzawa. Yana ganin gwiwar hannunsa tana motsi, amma daga wuyan hannu zuwa gaba shiru. Ya tsaya. Ta taɓa ne, ko ba ta taɓa ba? Ya warware, ya sake. Ya kara kunne a jikin ƙarfe ko zai ji wani abu, bai ji komai ba sai dariyar Auta daga tsallaken titi. In ya bar ta sako-sako, mai zai tsiyaye. Sarƙar tana nan kusa da gwiwarsa, inda ya yar da ita.

Ya ɗauka, ya naɗa, ya ja. Ya ƙara ja, don ya tabbata.

Da aka tayar da injin, ko ɗigo bai sauka ba. Auta ya daki bodin, ya ce amarya ta sha kyau, ya tafi.

Ba a yi kwanaki da yawa ba aka jawo taraktar da igiya a bayan wata taraktar. Robar ta fashe a tsakiyar gonar mutane bayan injin ya ɗauki zafi, man ya bi kunya ya tsiyaye, fitilar gargaɗin mai kuwa ta daɗe da mutuwa. Auta bai ankara ba sai da injin ya buga. Duk wanda ya san tarakta ya san ba gyaran wannan daminar ba ne.

Masu zaman taya suka taru, kowa da bayaninsa. Wani ya ce filtar jabu ce, wani ya ce man ne. Auta ya kwanta da kansa ƙarƙashin injin, ya yi ta fama, filtar ta ƙi motsi, sai da ya huda ta da sukundireba ya murɗo ta. Ya fito da ita, ya goge da gefen rigarsa. Sawun sarƙa biyu ne a jikinta, sun lotsa ƙarfen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jefa ta cikin bokitin tsohon mai kafin wani ya karɓa ya gani.

"Jabu ce," ya ce da mutanen. "Ku tafi, Allah Ya kiyaye gaba."

Suka watse. Mai Sanƙo yana zaune a benci, idonsa a kan taraktar. Ya san ya kamata ya ji wani abu, ya nema a ransa bai samu ba. Lissafin abin da za a kwance kawai yake yi: kan injin, fistin, karanshaf. Auta ya zo ya zauna kusa da shi, yana warin mai da zufa.

"Za a iya tashinta," Mai Sanƙo ya ce, bai juyo ba. "In an samu kaya."

Can sai Mai Sanƙo ya waiwayo. Hannunsa na dama yana cikin hannun Auta. Ƙanen ya dasa farcen babban yatsa a tsakiyar tafin, ya danna har wurin ya yi fari, hawaye na bin fuskarsa.

"Yaya," ya ce, "tun yaushe?"

Mai Sanƙo ya dubi hannun. Bai san tun yaushe aka riƙe shi ba.