Dinamon Kawu Idi a Hanyar Yamai

Filingue

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka tashi, ni da Inna, a tsohuwar Fijon Kawu Idi, ƙanenta. Lokacin mulkin soja ne. Likitocin ido sun zo Yamai, ranar ce kuma ta ƙarshe da za su karɓi masu yanar ido. Shekara biyu Inna ba ta gani. Ni ina koyon gyaran wutar sola, shi ya sa mitar awon wuta ba ta rabuwa da jakata.

Damana

Bakwai da rabi, a garin Damana, jar fitilar batir ta kama. Wani bakanike a bakin hanya ya leƙa inji, ya ce, "Dinamo ya mutu. Sai an aiko da sabo daga Yamai, kwana biyu."

Inna ta ce, "To, Allah bai nufa ba."

Na fiddo mita. Kawu ya ce, "Ke Hadiza, mi kika sani ga mota?"

"Kawu, bar ni in auna."

Mota a kashe, batir ya nuna volt sha biyu da ɗigo biyar, lafiyarsa lau ke nan. Aka tada ta, ya tsaya nan. Na gaya musu in dinamo na caji, sai ya kai tsakanin sha uku da rabi zuwa sha huɗu da rabi. Aka kashe, na danna robar da ke juya dinamon, ta lotsa kamar igiyar guga. Bakanike ya ɗaure ta yana gunaguni. Aka sake tadawa: sha huɗu da ɗigo ɗaya! Aka kunna fitilu, bai sauka ƙasa da sha uku da ɗigo takwas ba. Kawu ya tuɓe hula, ya ce, "Wallahi ɗiyag ga ta fi ni!"

Baleyara

Goma da kwata, wani soja a shinge ya ga wayoyi cikin jakata, ya ɗaure fuska. Kawu ya ba shi labari, ya ce to in duba tasu. Sai ga ni ina auna motar sojoji, tana da lafiya. Muka sha fura, muka wuce.

Yamai

Ƙarfe ɗaya muka isa asibiti, Inna ta samu shiga, aka yi mata aikin ido. Muka kwana uku gidan wata gwaggona.

Ranar Juma'a da la'asar muka komo Filingue. Inna ta sauka ba wanda ya riƙe ta, ta tsaya tana kiran jikokinta ɗaya ɗaya, har da wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan Kawu Idi da likitocin.